Abin da Kaguwa Ba Ta Gani

Litinin, 3 ga Maris

Yau aka sallame su daga asibiti. Jikata tana gidana! Na rubuta, na sake karantawa.

Ta zo duniya kafin lokacinta, ta daɗe a kwalba. Da 'yata Auta ta miƙo mini ita na ji kamar an ɗora mini ɗan tsako a tafin hannu. Na ce, wannan ai Tsuntsuwa ce. Auta ta ce, "Baba, kada sunan nan ya bi ta." Ya riga ya bi ta.

Mijin Auta direban babbar mota ne, yau yana gari gobe ba ya nan, ɗakinsu kuma danshi gare shi, likita ya ce ba za a kai ta can ba. Shi ya sa rabo ya faɗo kaina. An kawo injin numfashi an ajiye a ɗakin gaba, da siririn tiyo har hancinta. Akwai tukunyar oksijin ƙarama a bayan ƙofa, ta ko-ta-kwana. Nas ɗin da za ta riƙa leƙo mu ta ce injin nan ba ya son a ɗauke masa wuta. In gidan ba zai iya riƙe shi ba, sai a mayar da yarinya asibiti har ta yi ƙwari.

Na ce gidan nan ya riƙe 'ya'ya biyar, ba zai kasa riƙe rabin mutum ba.

Da uwarsu tana raye ta ga wannan rana. To. Allah ya jiƙanta.

Talata, 4 ga Maris

Surukina ya zo da wata 'yar na'ura kafin ya kama hanya. Ya ce sabuwar mitar da kamfanin wuta ya sa mana bara tana da iyaka: in gida ya ja wuta ya haura wat dubu uku a lokaci guda, sai ta yanke. Ni ban taɓa sani ba, da yake ni kaɗai ne a gidan, daga fitila sai rediyo. Ya nemi a ƙara mana iyakar, sun ce a jira layi.

Na'urar tana da wani abu mai baki biyu da ya maƙala a kan wayar da ta shiga akwatin wuta na falo, kamar kaguwa ta kama yatsa. Sai ɗan allo da aka ɗora a kan kabad, yana nuna abin da gida ke ja a wannan lokaci. Ya ce, "Baba, aikinka ke nan. In ka ga ta kusa dubu uku, a kashe wani abu."

Na ce masa lamba kam na iya. Sai da na haura hamsin na shiga makarantar yamma, da ƙurar katako a gashina, ina zama a bencin da ni na ƙera shi. Marigayiya tana ce mini Ɗan Makaranta. Ashe ranar Tsuntsuwa ake shirya ni.

Na raɗa wa na'urar suna Kaguwa.

Laraba, 5 ga Maris

Tsuntsuwa ta kama ɗan yatsana. Da ƙarfi kuwa! Na ƙi motsi har ƙafata ta yi sanyi.

Juma'a, 7 ga Maris

Na bi kayan gidan nan ɗaya bayan ɗaya, ina kunnawa ina dawowa in duba Kaguwa. Butar dafa ruwa ita ce babbar mai ci, da an kunna ta sai lamba ta yi tsalle. Dutsen guga na biye da ita. Fanka ba ta da laifi. Injin Tsuntsuwa yana cin nasa daidai, babu haɗama. Auta tana ta dariya, wai na zama ɗan sandan wuta.

Daga ƙarshe na je ɗakin baya.

Firizan marigayiya yana nan inda ta bar shi. Da shi ta yi sana'ar ƙanƙara shekara da shekaru, har unguwa ta manta sunanta, sai Mai Ƙanƙara. Tun da ta rasu ban kashe shi ba. Akwai sauran ledojin da ta ƙulla a makonta na ƙarshe, suna can ƙasa, da irin ƙullinta mai kunne ɗaya da ba wanda ya iya shi. Ba na buɗewa sosai. Gurnaninsa dai nake so. In na kwanta hutun rana a tabarma kusa da shi, sai in ji kamar tana tsakar gida tana wani aiki.

Na zare filoginsa, na je falo na duba. Lamba ba ta motsa ba. Na mayar, na sake dubawa. Ko gezau.

Ba shi da ci, kamar mai shi. Ita ma sai ta ciyar da kowa sannan ta ce ta ƙoshi.

Raina ya yi fari ƙwarai.

Asabar, 8 ga Maris

Na gano mitar waje ma tana nuna abin da ake ja in an danna maɓallinta sau biyu. Na duba ta, na shigo na duba Kaguwa. Ba su yi daidai ba. Mita ta fi da kusan ɗari huɗu. Da yamma na sake, haka dai.

Ɗaya daga cikinsu maƙaryaciya ce. Na san wadda nake zargi. Kaguwa a falona take kwana, mita kuwa ta kamfani ce, ba ta ko gaishe ni.

Lahadi, 9 ga Maris

Auta ta yi barci a zaune, yarinya a ƙirjinta. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallonsu. Goshin Auta na marigayiya ne sak, har wannan ɗan layin da ke fitowa in ta ɓata rai. Jiya-jiya nake ɗaure mata takalmin makaranta.

Na kafa doka: muddin Kaguwa ba ta wuce dubu biyu da ɗari bakwai ba, a yi abin da ake so.

Talata, 11 ga Maris

An ɗauke wuta da hantsi. Gidanmu kaɗai.

Auta ta sa buta don wanke kwalaben madara. Ina falo, idona a kan Kaguwa, tana cikin doka sarai. Sai ɗif. Injin ya yi wani kuka mai tsini da ban taɓa jin irinsa ba. Auta ta yi wuf ta jawo tukunya daga bayan ƙofa, ta kasa murɗa kan, na murɗa mata. Tsuntsuwa ta tsandara ihu. Ban taɓa murna da kukan jariri kamar yau ba.

Na fita na danna mita, ta ɗan ja rai sannan ta dawo da wuta.

Na zage ta. Ni da girmana, a bakin titi, ina zagin akwati. Mai shagon da ke kallonmu ya ce, "Baba Kafinta, lafiya?" Na ce ina gaisawa da kamfani ne.

Auta ta mayar da tukunya bayan ƙofa, ko kallona ba ta yi ba. Wannan ya fi mini faɗa zafi.

Alhamis, 13 ga Maris

Na kira mai gyaran wuta, wanda ya saba yi wa masu shagunan layinmu aiki. Na ce ya zo ya shaida mita ta lalace.

Ya auna nan, ya auna can. Ya ce ita mita ana gwada ta kafin a kafa, ba ta cika kuskure mai yawa ba. Kaguwa kuwa daga bayan waya take jin wuta, sauran lissafin kintace take yi, don haka ba a rasa ɗan bambanci tsakaninsu. Na ce to ai ga shi. Ya ce, "A'a Baba, ɗan bambanci na ce. Wannan ya yi yawa. Ko dai bakinta bai rufu da kyau ba, ko akwai abin da ba ta gani."

Ya duba bakin, a rufe yake ruf. Ya tambaya ko akwai wani abu da ke jan wuta wanda wayarsa ba ta bi ta akwatin falo ba. Na ce ban sani ba. Gaskiya a lokacin ban sani ba. Aka kira shi a waya, wani gidan burodi injinsu ya tsaya, ya ce zai dawo ya bi wayoyin mako mai zuwa.

Da zai fita ya leƙa Tsuntsuwa daga nesa, ya ce, "Kai, wannan ai kakan ta ɗebo." Na ce Allah ya kiyaye, ta fi ni kyau.

Juma'a, 14 ga Maris

Na je danna mita bayan azahar. Bangon ɗakin baya yana nan dab da ita, ana jin firiza ta cikinsa. Ya yi shiru, yana ɗan hutun da yakan yi. Ina tsaye sai ya yi wannan tarin nasa ya tashi. A gaban idona lambar mita ta haura.

Na tsaya. Na ɗaga kai na bi waya da ido. Daga ƙarƙashin mita akwai wata tsohuwar waya baƙa da ta bi ta saman bango ta shige ɗakin baya kai tsaye. Sai na tuna. Shekarar da aka sayo firizan, mai gyaran wancan zamani ya ja masa layinsa daban, don kada ya riƙa kashe mana fitilu. Bai taɓa bi ta falo ba. Kaguwa ba ta san da zamansa ba.

Ba ƙarya ta yi ba. Abin da aka ba ta ta riƙe, shi take faɗa.

Na shiga na zauna a tabarma. Ya yi ta gurnaninsa kamar bai yi komai ba.

Asabar, 15 ga Maris

Ban gaya wa kowa ba.

Zan iya da shi. Na ɗauke dutsen guga na ɓoye a ƙarƙashin gadona. Ruwa kuma ni zan riƙa dafawa a kan gas, in ce ina so in motsa jiki. In ina gida ba abin da zai faru, ni ne mai gadi. Kwana nawa ne kamfani zai ƙara iyakar.

Nas ta auna Tsuntsuwa yau, ta ƙara nauyi. Na yi rawa a tsakar gida, Auta ta ce, "Baba, gwiwarka!"

Litinin, 17 ga Maris

Ledoji ne kawai da ruwa a ciki. Na sani. Ba sai an gaya mini ba.

Laraba, 19 ga Maris

Ban san yadda zan rubuta wannan ba.

Na tafi kantin magani karɓo wa Tsuntsuwa maganin ɗigawa da likita ya rubuta. Layi ya yi tsawo. Gas ya ƙare a gida ban lura ba. Auta ta duba Kaguwa, ta ga akwai fili bisa dokar da ni na kafa da bakina, ta kunna buta. Wuta ta yanke. Ita kaɗai, yarinya a hannu ɗaya, tukunya a ɗaya. Matar mai shago ce ta ji kukan inji ta shigo da gudu ta danna mata mita.

Na dawo na tarar da nas a falo. Ta saurari ƙirjin Tsuntsuwa, ta ce lafiya lau, Allah ya rufa asiri. Amma sau biyu ke nan. Ta ce ranar Juma'a za ta dawo, in ba a gano matsalar ba za ta rubuta a mayar da ita asibiti. Ba da faɗa ta faɗa ba. Da ma ta yi faɗan.

Bayan ta tafi Auta ta fara naɗe 'yan rigunan nan masu kamar safa, tana jerawa a jaka. Ta ce, "Baba, ba laifinka ba ne. Na bi dokar, wallahi na bi. Mitar ce."

Na ce mata ina zuwa. Na fita tsakar gida na tsaya a gindin lemun tsami har ƙafata ta gaji.

Alhamis, 20 ga Maris

Da safe na ce ta biyo ni, ta bar yarinya tana barci. Na kai ta gaban mita, na danna, na ce ta riƙe lambar a ka. Na shiga ɗakin baya na zare filogi. Na ji ta daga waje ta ce, "La! Baba, ta sauka!"

Ta shigo ta same ni da filogin a hannu. Ta dubi firiza, ta dube ni. Na ce mata tun Juma'a na sani.

Na ɗauka za ta yi fushi, ta cancanci ta yi. Wannan layin ya fito a goshinta. Sannan ta ɗaga murfin, hayaƙin sanyi ya taso, ta ga ledojin. Ta sa hannu ta shafa ƙulli ɗaya.

"Na Umma ne?"

Na ce nata ne.

Ta zauna a tabarmata ta yi kuka, irin wanda ban ga ta yi ba ko ranar rasuwar, lokacin ita ce mai rarrashin kowa. Ni ma dai. Ba sai na rubuta ba.

Da ta share ido ta ce, "Ka san da tana nan, da tun ranar farko ta fizge wayar nan, ta kuma ce maka Ɗan Makaranta, karatun naka na ina?"

Haka za ta ce kuwa. Har muryar na ji.

Auta ta ce ko mu nemi maƙwabci ya ajiye mana ledojin a nasa. Na yi tunani. Na ce a'a, a bar su.

Ban mayar da filogin ba. Na naɗe wayar na rataye a ƙusa.

Juma'a, 21 ga Maris

Mai gyara ya riga nas zuwa. Na nuna masa baƙar wayar. Ya ce, "Ka ga ɓarawon!" Na ce ya iya bakinsa, ba ɓarawo ba ne, tsohon ma'aikaci ne. Ya ba da haƙuri yana dariya. Ya cire bakin Kaguwa ya mayar da shi can kusa da mita, kafin wayoyi su rabu, yadda za ta ga gidan duka. Muka kunna buta da fanka da komai, ni a waje shi a falo muna ɗaga murya kamar masu gwanjo. Bambancin da ya rage ɗan kaɗan ne, wani lokaci Kaguwa ta ɗara, wani lokaci ta gaza. Ya ce haka za su zauna, in ana son a san gaskiyar magana mita za a tambaya, Kaguwa ta gaggawa ce.

Nas ta zo, ta saurari bayani, ta sa aka kunna buta a gabanta har ta tafasa. Inji bai ko yi tari ba. Ta dubi jakar da Auta ta haɗa, ta ce, "A kwance kayan nan."

Tsuntsuwa tana nan! Tana nan!

Na kira surukina a waya, yana wani gari yana jiran a sauke masa kaya. Na gaya masa komai, har da abin da ba ya sa ni kyau. Ya ce, "Baba, ai ni na maƙala ta a inda ba daidai ba." Yaron kirki. Ƙarya yake don ya rage mini nauyi, amma na karɓa.

Asabar, 22 ga Maris

Ƙanƙarar ledojin ta narke. Tsohon firiza ya riƙe sanyi fiye da yadda na zata, sai yau da rana na ƙarshe ya saki.

Na kwashe su a bokiti. Ban kwance ƙullin ba, ƙasan ledar na huda. Na zuba ruwan a gindin lemun tsamin da marigayiya ta shuka. Auta ta fito da yarinya bakin taga, iya inda tiyo ya kai, tana ce mata, "Ga Kaka yana ba bishiyar Kaka ruwa."

Na yanke ƙulli ɗaya da almakashi na sa a aljihun rigata. Auta ta gani ta yi kamar ba ta gani ba. Da na juya na ga ita ma ta ɗauki ɗaya.

Litinin, 24 ga Maris

Ɗakin baya ya yi shiru da yawa. Na gwada kwanciya, na kasa.

Alhamis, 27 ga Maris

Kamfani ya aiko saƙo wai sun ƙara mana iyakar. Yanzu ko an kunna firiza ba abin da zai faru. Auta ce ta karanta mini, ta ce, "Baba, in kana so a mayar."

Na ce sai na duba. Ai babu abin da za a sa a ciki yanzu. Kuma na wanke shi na bar murfin a buɗe yana shan iska, kada ya yi wari. Wata rana dai.

Na jawo tabarmata zuwa ɗakin gaba, saboda Auta ta samu ta yi wanka a natse, ba don komai ba. Injin nan yana da nasa sauti, ya ja ya saki, ya ja ya saki. A ƙarƙashinsa in ka kasa kunne sosai akwai wani ƙarami, nata. Na ce bari in saurara kaɗan.

Auta ce ta tashe ni, wai la'asar ta wuce, wai ni da Tsuntsuwa ba a san wanda ya fi wani buɗe baki ba.

Da na fita na bi ta gaban mita. Ƙura ta rufe fuskarta, na sa hannun riga na goge mata. Ba wai mun shirya ba ne. Lambar ce ba ta fitowa sosai.